Kuɗin aikawa da tsokacin masu saye a gwanjon intanet

Kuɗin aikawa shi ne kuɗin da mai sayarwa ke ɗorawa a kan farashin kaya a shafukan gwanjo na intanet, domin ya biya gidan waya ko kamfanin jigila, ya kuma mayar da abin da ya kashe wajen ƙunshe kayan. Tsokacin mai saye kuwa shi ne shaidar da wanda ya sayi kaya ke rubutawa a shafin bayan an kammala ciniki, wadda kowa zai iya karantawa. Abubuwan biyu suna da alaƙa ta kusa. A gwanjo masu tayi ne ke yanke farashin kaya, amma kuɗin aikawa mai sayarwa ne kaɗai ke yanka shi, saboda haka tsokaci ya zama babbar hanyar da masu saye ke nuna ko sun gamsu da shi. Shafin eBay ne ya fi shahara da wannan tsari.

Asali

Pierre Omidyar ya buɗe shafin a watan Satumba na shekarar 1995 a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka da sunan AuctionWeb, sannan aka sauya masa suna zuwa eBay a shekarar 1997. Babbar matsalar wannan kasuwa tun farko ita ce amana, domin mutum zai biya wanda bai taɓa gani ba kuɗin kayan da bai taɓa riƙewa ba. A watan Fabrairu na shekarar 1996 Omidyar ya ƙara wani sashe inda masu ciniki ke ba da shaida a kan juna. Shaidar iri uku ce: yabo, tsaka-tsaki da suka. Yabo yana ƙara wa mutum maki ɗaya, suka tana rage ɗaya, tsaka-tsaki kuma ba ya sauya komai. Jimillar makin tana bayyana kusa da sunan mai sayarwa tare da tauraro mai launi, wanda ke farawa da rawaya idan an kai maki 10.

Abin da kuɗin ya ƙunsa

Kaso mafi girma na kuɗin aikawa shi ne abin da gidan waya ko kamfanin jigila ke karɓa. Wannan ya danganta da nauyin kaya, girmansa, nisan inda zai je da kuma saurin da ake so ya isa. Bayan shi akwai kuɗin kwali, ambulan, salatif da abin da ake cusawa a kwali don kada kaya ya fashe. Wasu lokuta ana ƙara kuɗin inshora, na lambar bibiyar kaya ko na sa hannu yayin karɓa.

Girman ƙunshi yana da muhimmanci kamar nauyinsa. Tun daga watan Agusta na shekarar 2006 gidan wayar Birtaniya, Royal Mail, yake la'akari da girma wajen yanke farashi. Ƙunshin da kaurinsa bai wuce milimita 25 ba zai iya tafiya a matsayin babbar wasiƙa, wanda ya wuce haka kuma ya shiga rukuni mafi tsada. Kamfanonin jigila na duniya irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 5,000, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan adadi da ainihin nauyin. Misali, kwali mai santimita 40 da 30 da 20 za a lissafa shi a kilo 4.8 ko da abin da ke ciki kilo ɗaya ne. Wannan ne ya sa masu sayarwa ke auna kaya bayan sun ƙunshe shi kafin su rubuta kuɗin aikawa.

Kuɗin fito na kwastam ba ya cikin kuɗin aikawa. Idan kaya zai tsallaka iyakar ƙasa, galibi mai saye ne ke biyansa.

Tsawwala kuɗin aikawa

Shekaru da dama eBay yana cire la'adarsa daga farashin kaya kaɗai, ban da kuɗin aikawa. Wannan ya ba wasu masu sayarwa damar yin dabara. A ce la'ada kashi 10 cikin 100 ce: wanda ya sayar da kaya dala 20 zai biya dala 2, amma wanda ya sa farashi dala 1 da kuɗin aikawa dala 19 zai biya santi 10 kawai, alhali abin da mai saye ya fitar bai sauya ba. Haka kuma kayan nasa zai fito a sama idan aka jera kaya daga mafi araha.

Masana tattalin arziki sun gwada tasirin wannan dabara. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2006, Tanjim Hossain da John Morgan sun sayar da faya-fayan waƙoƙi da na wasannin Xbox a eBay. Sun gano cewa gwanjon da ya fara da ƙaramin farashi tare da kuɗin aikawa mai yawa ya fi jan masu tayi, kuma sau da yawa ya fi kawo kuɗi. Ma'ana, masu tayi ba sa lissafa kuɗin aikawa yadda ya kamata a lokacin da suke tayi.

Don magance haka, eBay ya haramta kuɗin aikawa da ya wuce kima, ya kuma sa iyaka a wasu rukunonin kaya kamar littattafai da faya-fayan DVD. A shekarar 2011 ya fara cire la'ada daga jimillar abin da mai saye ya biya a Amurka, har da kuɗin aikawa, sannan ya yi haka a Birtaniya a shekarar 2013. Matakin ya kashe ribar dabarar, amma ya shafi masu gaskiya ma, domin wanda ya caji ainihin kuɗin gidan waya ya fara biyan la'ada a kan kuɗin da ba ya shiga aljihunsa.

Yadda tsokaci ke aiki

A shekarar 2007 eBay ya ƙara wani ma'auni inda mai saye ke ba da tauraro ɗaya zuwa biyar a fannoni huɗu: dacewar kaya da bayanin da aka yi, sadarwa, saurin aikawa, da kuɗin aikawa. Mai sayarwa yana ganin matsakaicin taurarin ne kawai. Masu sayarwa sun yi ƙorafi cewa an gaya wa masu saye tauraro huɗu na nufin kuɗin ya dace, alhali matsakaicin da kamfanin ke nema daga gare su ya haura huɗu. Daga baya aka tsara cewa wanda ya aika kaya kyauta yana samun tauraro biyar kai tsaye a wannan fanni. Hakan ya sa da yawa suka haɗe kuɗin aikawa cikin farashin kaya.

Kafin shekarar 2008 mai sayarwa ma yana iya sukar mai saye, kuma masu saye da yawa kan yi shiru don tsoron ramuwar gayya. Binciken Paul Resnick da Richard Zeckhauser na shekarar 2002 ya nuna cewa kusan kashi 99 cikin 100 na shaidar da ake bayarwa yabo ne. A watan Mayu na shekarar 2008 eBay ya hana masu sayarwa sukar masu saye, matakin da ya sa wasu suka ƙaurace wa shafin na ɗan lokaci bayan an sanar da shi. Kamfanin ya kuma haramta wa mai saye yin barazana da suka domin a rage masa kuɗi.

Kyakkyawan suna yana da daraja ta kuɗi. A wani gwaji da Resnick da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2006, an sayar da tsofaffin katunan gidan waya iri ɗaya da sunan wani sanannen mai sayarwa da kuma sababbin sunaye. Masu saye sun biya sanannen kimanin kashi 8 cikin 100 fiye da sababbin.

Shari'o'i da dokoki

A shekarar 2013 wani kamfani a jihar Ohio ta Amurka ya kai ƙarar wata mai saye da ta soke shi saboda an nemi ta cika dala 1.44 na kuɗin gidan waya lokacin da kayan ya iso. Kamfanin ya janye ƙarar, daga baya kuma kotu ta umarce shi da ya biya kuɗin lauyoyi. A shekarar 2016 Amurka ta kafa dokar da ta hana kamfanoni sanya sharaɗin da ke hana masu saye faɗin ra'ayinsu na gaskiya.

A Jamus, wani mutum ya sayi maɗauran ƙarfe huɗu a kan Yuro 19.26, wanda Yuro 4.90 daga ciki kuɗin aikawa ne. Ya rubuta cewa kayan suna da kyau amma kuɗin aikawar cin ƙazamar riba ne. Mai sayarwar ya nemi kotu ta sa a goge tsokacin. A ranar 28 ga Satumba, 2022, babbar kotun tarayya ta Jamus da ke Karlsruhe ta yanke cewa maganar ra'ayi ce da 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare, tunda ta shafi cinikin ne ba cin mutuncin mai sayarwa ba.

A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta wajabta wa ɗan kasuwa ya bayyana kuɗin aikawa kafin a ƙulla ciniki. Idan mai saye ya fasa cikin kwana 14 da karɓar kaya, za a mayar masa da farashin tare da kuɗin aikawa na yau da kullum. Wannan haƙƙi bai shafi wanda ke sayar da kayansa na gida ba a matsayin sana'a ba.

Ma'aunin adalci

Babu adadi guda da aka tsayar a matsayin kuɗin aikawa na adalci. Abin da dokokin shafukan gwanjo suka fi jaddadawa shi ne ya kasance ainihin kuɗin jigila da ɗan ƙari daidai gwargwado na kayan ƙunshewa, a rubuta shi a fili kafin a fara tayi, kada a ƙara shi bayan an rufe gwanjo, kuma a aika kaya ta hanyar da aka biya kuɗinta. Masu sayarwa da yawa suna rage kuɗin idan mutum ɗaya ya sayi kaya fiye da ɗaya da za su shiga kwali guda, wasu kuma suna mayar da rarar idan kuɗin gidan waya bai kai abin da suka caja ba. Mai saye yakan kwatanta abin da ya biya da kuɗin da ke jikin kan sarki ko takardar da aka liƙa wa ƙunshin, kuma daga wannan kwatanci ne ƙorafi kan taso idan tazarar ta yi yawa. A nasa ɓangaren, ana shawartarsa da ya haɗa farashi da kuɗin aikawa kafin ya yi tayi, ya kuma tuntuɓi mai sayarwa kafin ya rubuta suka.