San Ciyawa da San Turke: Wanne Ya Fi Riba?

Tambayar nan ta sha tasowa a kara, musamman daga yaranmu da suka fara sayayya da kuɗinsu: san da ya yi ƙiba da ciyawa, da wanda aka turke aka ba shi dusa da hatsi, wanne ya kamata mutum ya zuba jarinsa a kai? To, ga abin da muka gani a tsakanin Kolofata, Mora, Marwa da Garwa.

San ciyawa lokacinsa kaka ne. Daga watan Oktoba zuwa Disamba, Rahaji ko Bunajin da ya sha damina zai zo a murje, ƙafarsa da ƙarfi, ana iya kora shi kwana da kwanaki bai zube ba. Namansa ja ne sosai, ba shi da yawan kitse, kitsen kuma ruwan ɗorawa ne. Wasu masu saye na kudu suna ganin wannan launi su ce saniyar ta tsufa ko ba ta da lafiya. Ba haka ba ne, ɗanyar ciyawa ce ke kawo shi. Masu kilishi kuwa irin wannan nama suke nema, domin kitse ɓata musu aiki yake yi.

Amma da zarar rani ya yi nisa, wanda bai samu fadamar Logone ba sai ƙashi da fata. A nan ne mai turke ke cin kasuwa. Mutum ya sayi ramammen sa, ya ɗaure shi wata 3 zuwa 4, yana ba shi karan masakwa, harawa, ƙowa, dusa da ƙulin gurya irin na Sodecoton. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kara ta cika da ramammu, shi zai fito da nasa, tozo a tsaye, gindin wutsiya a cike. Kitsensa fari ne, ya ratsa cikin tsoka, naman ya fi taushi, kuma idan aka feɗe, mahauci zai samu nama fiye da na san ciyawa mai girma ɗaya da shi. Haka Amurkawa ke yi da masara a manyan garkunansu, sai dai su masara ta yi musu yawa, mu kuwa da ita ake tuwo.

Sai dai fa a yi hattara. Cikin saniya da ciyawa ya saba. Idan aka zuba mata hatsi da yawa rana ɗaya, cikin ya yi tsami ya kumbura, wani lokaci kafin a kira likitan dabbobi ta riga ta faɗi. Mu kanmu mun taɓa rasa bijimai biyu a dare ɗaya saboda gaggawar yaron gida. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa har mako 2 ko 3, kada a yanke kara da harawa. Ƙulin gurya kuma kada a ba 'yan maruƙa.

Abu na biyu, san turke ba ya tafiyar ƙasa. Ƙafarsa ta yi laushi, zafi na kayar da shi, dole sai mota. Tun da rikicin Boko Haram ya taɓa Kolofata a 2014 aka daɗe ba a bin hanyar Amchide da Banki yadda aka saba, da yawanmu muka koma zagayawa ta Mubi, ko mu yi kudu zuwa Ngaundere a ɗora wa jirgin ƙasa. Duk wanda zai turke, ya sa kuɗin mota cikin lissafinsa tun ranar da ya sayi san. Ya kuma duba canji, domin abinci da sefa ake saye, idan kuma da naira za a sayar, waɗanda suka ga yadda naira ta faɗi a 2023 ba sa bukatar bayani.

Wajen saye kuma, kada tumbi ya ruɗe ku. Akwai masu ba sa kanwa ya sha ruwa ya cika kafin a shiga kara, Allah ya shirye su. A taɓa haƙarƙari, a matsa gindin wutsiya, a duba ƙirji, sannan a yi ciniki.