Amarya, Bashin Wutar Nan Ba Naku Ba Ne

'Yan uwana mata, abin da ake yi wa amare a gidajen haya ya isa a yi magana. Za a ɗauko yarinya daga Kwanyawa a kai ta Karaye ko Rogo, lallen hannunta bai goge ba sai ga bil, bashin wanda ya tashi tun bara. Mai gidan ya kafe, ko ango ya biya ko su kwana a duhu. Haba Alhaji!

To ki sani, sunan NEPA ya tafi tun 2005, KEDCO ke raba wuta a Kano tun 2013, kuma hukumar NERC da ke sa musu ido ta ce sabon ɗan haya ba ya gadon bashin tsohon. Ranar tarewa ki sa angonki ya rubuta lambar mita da abin da ta nuna, ya kai wa KEDCO a rubuce. In ba a saurare shi ba, NERC tana da ofishin karɓar ƙorafi a Kano.

Haka ma kuɗin haya, wanda ya biya shekara ba a yi masa ƙari ana tsakiyarta. Rasit ɗin kuwa ke za ki karɓe ki jefa ƙasan adaka, kin san maza da yar da takarda.