'Yan Sa-Kai: Ginshiƙin Da Ke Riƙe Da 'Yan Gudun Hijira

A cikin Agustan 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, Bama ta biyo baya a Satumba, sannan Baga a farkon Janairun 2015. Jama'a suka yi ta kwarara zuwa Maiduguri da Yola, wasu a ƙafa, wasu a bayan motocin ɗaukar kaya, da yawa ba ko takalmi. Kafin a kafa tanti ko a sauke buhun masara mai tambarin wata ƙungiya, mutanen gari ne suka tare su. Magidanci ya share zaurensa, matar gida ta ƙara ruwa a tukunya, matasan unguwa suka bi gida-gida suna tara tsofaffin kaya da tabarmi. Ana ƙiyasta cewa a waɗancan shekarun yawan mutanen Maiduguri ya ninka, kuma har yau mafi yawan mutum sama da miliyan 2 da rikicin ya raba da gidajensu a arewa maso gabas ba a sansani suke ba, a cikin unguwanni da ƙauyuka suke zaune tare da waɗanda suka karɓe su. Bahaushe na cewa baƙo raɓa ne, to wannan raɓar ta haura shekara goma ba ta bushe ba.

Idan ana maganar aikin agaji, abin da ya fi zuwa a rai shi ne farar mota mai doguwar eriya da Bature sanye da hular rana. Amma wanda ya taɓa shiga sansani a Monguno ko Dikwa ko Banki zai gaya maka cewa aikin yau da kullum yana hannun wasu ne daban: 'yan sa-kai, 'yan ƙasa, da yawansu ma su kansu 'yan gudun hijirar ne. Su suke jin Kanuri da Shuwa da Hausa da Marghi, su suka san tantin da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, su kuma mace za ta iya ja gefe ta faɗa wa abin da ba za ta faɗa a gaban baƙo ba.

A idon doka masu gudun hijira kashi biyu ne, kuma bambancin yana da nauyi. Wanda ya ƙetare iyaka, kamar 'yan Najeriyar da ke sansanin Minawao a Kamaru ko Sayam Forage a jihar Diffa ta Nijar, yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969. Babban sharaɗinsu shi ne kada a tilasta wa mutum komawa inda ransa ke cikin haɗari. Wanda kuwa ya gudu amma bai bar ƙasarsa ba, alhakinsa na wuyan gwamnatinsa, kuma dominsa aka yi yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a 2012. Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da ita dokar cikin gida, a ƙarshen 2018. Sai dai takarda ba ta tsare kowa da kanta. A Janairun 2019, lokacin da aka kai wa garin Rann hari, dubban mutane suka tsallaka Kamaru, aka kuma tiso ƙeyar dubbai daga cikinsu duk da wancan sharaɗi. Dokar tana aiki ne kawai idan akwai wani a wurin da ya gani, ya rubuta, ya kai ƙara.

Wannan shi ake kira aikin kariya, kuma yawancinsa ba abin da kyamara ke so ba ne. Ɗauki misalin neman dangi. Ɗan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Red Cross zai zauna a kan tabarma da uwar da ta rabu da ɗanta a daren da aka watse, ya buɗe takarda yana tambaya a hankali: sunan yaron, laƙabin da ake kiransa a gida, sunan mahaifi da na kaka, sunan bulaman unguwarsu, tabo ko zane a jikinsa, inda aka yi masa ganin ƙarshe, da wa yake tare. Wani lokaci uwar ba ta san shekarun yaron da lissafi ba, sai dai ta ce an haife shi a damunar da kaza ya faru, shi ɗan sa-kan ne zai mayar da wannan zuwa shekara. Takardar ta tafi Yola, ta tafi Diffa, ta tafi Minawao, wasu 'yan sa-kan su bi tanti-tanti suna cigiya. A 2019 kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa ya ce mutum kusan 22,000 aka kai masa rahoton ɓacewarsu a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinsa a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'adda suka ɓata.

Ko kuma matan da ke yawo da wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku a jaka. Ɗayarsu za ta naɗa shi a damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In ya tsaya a rawaya, a sa ido. In ya faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani, sai a garzaya da shi asibiti a fara ba shi abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin leda. Koyon wannan awo ba ya cin yini guda, amma yaran da ya ceta ba su da iyaka.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Yunwa tana mayar da katin abinci abin ciniki, mace marar miji kuma ita ta fi shiga tasku. A Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara da abinci da alkawarin aure a sansanoni bakwai na Maiduguri, kuma cikin waɗanda aka zarga har da jami'an tsaro da 'yan sintiri da shugabannin sansani. Wato wani lokaci mai gadin ne ɓarawon. Shi ya sa abubuwan da ake raina wa, irin su sa fitila a hanyar bayi, raba bayin mata da na maza, sa sakata daga ciki, haɗa mata rukuni-rukuni in za su je itace, da ajiye mace a wurin rabon abinci, suka zama ainihin kariya. Kuma dole a faɗi gaskiya: rigar sa-kai ba ta mayar da mutum waliyyi. Inda babu tantancewa da horo da hanyar kai ƙara a asirce, shi ma ɗan sa-kan yana iya zama abin gudu.

Cikin 'yan sa-kan da duniya ta san da su akwai Zannah Mustapha, lauya ɗan Maiduguri da ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36. Ya karɓi marayun sojoji da na fararen hula da na 'yan Boko Haram a aji ɗaya, abin da mutane da yawa suka ga kamar ganganci ne. Amanar da wannan ta jawo masa ce ta sa ya shiga tsakani wajen sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016 da wasu 82 a Mayun 2017, shekarar da ya karɓi lambar yabo ta Nansen. Irinsa da ba a taɓa kiran sunansu a rediyo ba sun fi a ƙirga. Haka abin yake a ƙauyukan Gidan Rumji a jihar Maraɗi ta Nijar, inda tun 2019 manoma ke raba rumbu da 'yan uwansu na Sakkwato da Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka koro.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake raba haɗari da yadda ake raba kuɗi. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a sansanin Rann bisa kuskure. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce aƙalla mutum 90 suka mutu, cikinsu akwai 'yan Red Cross ta Najeriya shida da suka je rabon abinci. A Maris ɗin 2018 aka sake kai wa garin hari, aka kashe ma'aikatan agaji uku, aka sace mata uku. Biyu daga cikinsu, ungozomomi Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, an kashe su kafin shekarar ta fita, dukansu ba su wuce shekara 25 ba. Idan gari ya rikice, ana iya kwashe baƙon ma'aikaci a jirgi mai saukar ungulu. Ɗan gari ba shi da inda za a kai shi, nan ne gidansu. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Ba a ko kusanci wannan adadi ba.

Yanzu kuma kuɗin ma ja da baya yake yi. Gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri tun 2021, Amurka ta zaftare tallafinta a farkon 2025, kuma a tsakiyar shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, matasan gari da masu kwale-kwale na cikin waɗanda suka fara tsamo mutane. Duk nauyin da ƙungiyoyin waje suka sauke, a kan 'yan gari zai dawo.

Don haka kira ga hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jihohi, da masu hannu da shuni da ke fitar da zakka duk shekara: a yi wa 'yan sa-kan nan rajista, a horar da su, a biya su ɗan alawus ɗinsu a kan kari, a yi musu inshorar lafiya da ta rai, a kuma tuna da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Magidancin da ya shekara goma yana ciyar da baƙi a zaurensa shi ma a sa sunansa cikin jerin masu karɓar tallafi.