Koyar da Busa Tarampet: Yadda Ake Samun Sauti Ba da Ƙarfin Tsiya Ba

Tarampet, wato kakakin Turawa da ake gani a hannun 'yan badujalar soja da 'yan sanda da makaɗan jaz, bututun tagulla ne wanda tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi idan aka miƙe shi, sai dai an naɗe shi an kuma sa masa maɓallai uku da ke ƙara wa hanyar iska tsawo idan an danna su. Babu wani abu a cikinsa da ke yin sauti da kansa, domin leɓɓan mabushi ne ke karkarwa a cikin ɗan ƙoƙon da ake dasawa a bakin bututun, kamar dai yadda abin yake ga kakakin fadar sarakuna. A sautin farko da akan koya wa ɗalibi, leɓɓan suna buɗewa da rufewa kimanin sau 233 a daƙiƙa guda, kuma babu tsokar da ɗan Adam zai iya motsawa da gangan da irin wannan sauri. Iskar da ke wucewa ce ke kaɗa leɓɓan, aikin tsoka kuwa bai wuce ta ajiye su a inda iskar za ta same su ba.

Wannan gaskiya ce sabon ɗalibi ba ya yarda da ita a jikinsa, ko da ya yarda da ita a kansa. Da zarar ya ga kayan ƙarfe mai ƙara, sai ya ɗauka aikin ƙarfi ne, ya ɗaga kafaɗu, ya matse leɓɓa, ya danna ƙoƙon a kan haƙora, sannan ya toshe maƙogwaro kamar mai shirin ɗaga buhun hatsi. Likitoci suna kiran wannan yunƙuri na tura iska a kan rufaffen maƙogwaro da sunan Valsalva, wani likitan Italiya da ya rasu a 1723, kuma abin da yake haifarwa wajen busa shi ne fuska ta kumbura, jijiyoyin wuya su tashi, sautin kuwa ya fito siriri a shaƙe. Malamin da bai ƙware ba yakan ce wa yaron ya ƙara ƙarfi, alhali ƙarfin ne ya jawo matsalar tun farko.

Mafi tasirin amsar da aka bayar ga wannan matsala ta fito ne daga birnin Shikago na Amurka, inda Arnold Jacobs ya busa babban ƙahon nan da ake kira tuba a ƙungiyar kiɗan birnin daga 1944 zuwa 1988. Jacobs ya yi zurfin nazari a kan huhu da numfashi, har yana ajiye na'urorin auna iska a ɗakin koyarwarsa, amma duk da haka abin da ya tsaya a kai shi ne kada a cika wa ɗalibi kai da sunayen tsokoki, a bar hankalinsa a kan abu biyu kawai, wato waƙar da yake ji a ransa da iskar da yake hurawa. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwa tana sarrafa jiki ne ta hanyar abin da mutum yake nufin yi, don haka wanda ya san sautin da yake nema jikinsa zai nemo hanya, wanda kuma aka ce ya lura da harshe da haɓa da ciki a lokaci guda zai sandare. Abokin aikinsa Vincent Cichowicz, wanda ya koyar da tarampet a Jami'ar Northwestern, ya gina wa ɗalibansa gajerun darussa a kan wannan tushe, inda ake zarcewa daga sauti zuwa sauti a numfashi ɗaya ba tare da iskar ta yanke ba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne malami ya fara busa wa ɗalibi sauti mai kyau ya saurara, ɗalibin ya rera shi da muryarsa, sannan ya ɗauki tarampet. Numfashin kuma a ja shi a sake kamar mai hamma, a mayar da shi nan take, domin a ɗan tsaikon da ke tsakanin shaƙa da hurawa ne maƙogwaro ke samun damar rufewa.

Zaman baki, wato yadda ake tsara leɓɓa a kan ƙoƙon, bai kamata ya ɗauki dogon bayani ba. Ɗalibi ya haɗa leɓɓansa kamar zai furta harafin "m", gefunan bakin su tsaya daram, tsakiyar ta zama a sake. Jean-Baptiste Arban, Bafaranshen da littafinsa na 1864 yake hannun ɗalibai har yau, ya fi son kashi biyu cikin uku na ƙoƙon ya zauna a leɓen ƙasa, wasu malamai sun zaɓi akasin haka, kuma tunda haƙoran mutane sun bambanta, kunne ne ya fi cancanta ya yanke hukunci. Kumbura kumatu kuwa akan hana shi, ko da yake gwanin tarampet Dizzy Gillespie ya shahara da shi, kuma mai busa algaita yana yin sa da dalili, tunda a kumatunsa yake tara iska don sautin ya ci gaba yayin da yake shaƙa ta hanci, ga shi kuma ɗan kara ne ke karkarwa a algaitar, ba leɓe ba.

Malamai sun saɓa a kan ko ya dace a busa ƙoƙon shi kaɗai kafin a haɗa shi da tarampet. James Stamp ya gina koyarwarsa a kan haka, William Adam na Jami'ar Indiana kuma ya fi son a zare lanƙwasar da ake daidaita sauti da ita a hura ta cikin bututun farko kawai. Ga sabon shiga, hanyar Adam ta fi aminci, saboda bututun yana taimakon leɓɓa su karkaɗa, yayin da ƙoƙon shi kaɗai yakan sa yaro ya matse baki don ya tilasta sautin. Haka ma harshe, gara a jinkirta shigo da shi, a fara sauti da iska zalla kamar ana cewa "hu", sai ya zauna sannan a koma "tu".

Inda aka fi yin ɓarna shi ne gaggawar hawa sama. Sautukan sama suna buƙatar iska mai sauri da tsokar da ta ginu a hankali, kuma ɗalibin da aka ɗora wa taken fareti kafin lokacinsa ba shi da wata dabara sai danne ƙoƙon a baki, sau da yawa yana jan tarampet ɗin da ƙaramin yatsansa na dama da ke cikin ƙugiya. Dannewar tana ba da sautin a yau, amma tana tare jini daga leɓe, kuma manyan gwanaye ma ba su tsira ba: Louis Armstrong ya sha fama da fashewar leɓe, Freddie Hubbard kuma ya ji rauni a leɓensa a 1992, busarsa ba ta koma yadda take ba. Wannan haɗari ne ya sa gwanin busa Herbert Clarke, a darussansa na 1912, ya nace a riƙa motsa yatsu da sauti ƙasa-ƙasa, malamai da dama kuma suke umartar ɗalibi ya huta gwargwadon lokacin da ya yi yana busa, ta yadda minti goma sau biyu a rana ya fi awa guda a zama ɗaya. Ga ƙaramin yaro, akan jira haƙoransa na gaba na dindindin su fito, a kuma fara masa da konet, ƙanwar tarampet wadda tsawon bututunsu ɗaya amma an fi naɗe ta, don kada nauyin kayan ya sa ya jingina shi a baki. Bayan kowane darasi malami yakan duba leɓen ɗalibin, domin ɗan zoben da ya ɓace cikin mintuna kaɗan ba abin damuwa ba ne, amma kumburi ko mutuwar leɓe alama ce ta a ajiye busa zuwa gobe, a kuma koma sautukan ƙasa.