Rayuwa a Ruwan Zafi Ƙarƙashin Teku

An daɗe masana suna ɗaukar cewa abincin duk wani mai rai daga hasken rana yake samo asali, watau ta hanyar tsiro. A 1977 sai wani jirgin nutso na Amurka mai suna Alvin ya sauka zurfin mita 2,500 kusa da tsibiran Galafagos a Tekun Fasifik, ya iske ruwan ɗumi yana ɓulɓulowa daga tsagar dutse, halittu sun yi dafifi a kewayensa cikin baƙin duhu.

Ga yadda al'amarin yake. Ruwan teku yakan tsiyaya cikin tsagogin dutse, zafin cikin ƙasa ya ɗumama shi, ya narko da ƙarfe da farar wuta. Da waɗannan ma'adinai wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, suke haɗa abincinsu. Har can cikin dutsen suke zaune. A 2012 jirgin haƙa na Japan, Chikyu, ya haƙa fiye da mita 2,400 ƙarƙashin gindin teku, ya tarar da su da rai. A 2008 kuwa masanan Japan sun nuna wata ƙwaya tana hayayyafa a zafin digiri 122, alhali tukunyarmu a digiri 100 take tafasa. Nauyin ruwan da ke bisa ne yake hana shi tafasa a can.

Ƙasar Sakkwato ita ma gindin teku ce shekaru wajen miliyan 60 da suka shuɗe. Shaida ita ce farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, da ƙasusuwan kifi da ake tsinta a Dange, maƙwabciyar Boɗinga. Rijiyoyin Boɗinga da Shagari cikin abin da wancan teku da koguna suka shimfiɗa ake gina su, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya rasa ƙwayoyin halitta.

To, wani zai ce: tunda akwai ƙwayar da ke jure wannan zafi, mene ne amfanin tafasa ruwan sha? Amsa ita ce, jinsinsu daban ne. Na ƙasan teku ba a san su da sa mutum cuta ba. Ƙwayar kwalara kuwa, wadda ke shiga rijiya daga masai da kwata, tun kafin ruwa ya tafasa take mutuwa.

Malamanmu na Malikiyya suna duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin su hukunta tsarkinsa. Wannan hukuncin alwala ne. Ruwa yana iya zama garau, ya halatta ga alwala, amma yana ɗauke da cuta. Saboda haka a nisanta masai daga rijiya, a yi mata murfi, a tafasa ruwan sha, musamman da damina. Allah ya ba mu lafiya, amin.