Kai Tumatir Kasuwa Ba Tare Da Hasara Ba

Malam manomi, noman tumatir daban, kai shi kasuwa daban. Daga Kadawa zuwa Legas tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Ƙungiyar da ta tsara jigilar kayanta ita ke cin kasuwa, don nata tumatir kan isa da ƙwarinsa, a saya da daraja. Na wasu kuwa ya ruɓe a hanya.

1. Ku shirya da direba tun kafin tsinka, kada kaya su zauna a rana.
2. Ku tsinka da sanyin safiya, da zarar ya fara ja.
3. Ku zuba a akwatin roba. In an jibga kwanduna, na ƙasa kan matse.
4. Ku haɗu ku cika mota guda, kuɗin mota ya yi wa kowa sauƙi.

Tuntuɓi malamin gona don ƙarin bayani.