Banki a Waya: Gaskiya da Jita-jita

Hada-hadar banki ta waya ta bunƙasa a Najeriya musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya tilasta wa mai shayi da mahauci karɓar taransifa. Sai dai yawanci abin da ke sa mutum ya rungumi wannan hanya ko ya ƙaurace mata shi ne labarin da ya ji a majalisa, kuma labaran nan tsaba da tsakuwa ne a haɗe.

Wanda ya fi yawo shi ne wai amsa kiran baƙuwar lamba kaɗai yana kwashe kuɗin asusu. Ba haka ba ne. Ɗan damfara yana kira ne don ya ja mutum da baki har ya faɗi lambar sirrinsa, ko lambobin katinsa, ko lambar wucin gadi da banki ke turowa ta saƙo. Banki ba ya neman waɗannan ta waya. Ita ma BVN, mai lambobi 11 da Babban Banki ya ɓullo da ita a 2014, shaidar mai asusu ce, ba makullin asusun ba. Inda haɗarin yake na gaske shi ne satar waya: layin da aka yi rajistar asusu da shi, idan ya faɗa hannun ɓarawo, yana iya zama ƙofa. Shi ya sa ake toshe layin da asusun nan take.

Cewa sai da babbar waya ma kuskure ne. Lambobi irin su *737# da *901# suna aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba. Masu gudun riba kuwa suna da bankunan Jaiz da TAJBank, kuma kowannensu yana da manhajarsa.

Wasu koke-koken gaskiya ne, kuma bai dace a raina su ba. Sabis yakan yanke, a cire kuɗi bai isa ba, mai shi ya yi ta zarya kafin a mayar masa. Ana cire caji, har da harajin naira 50 a kan taransifar naira 10,000 zuwa sama. Alat na bogi ma yana nan, maganinsa duba ragowar kuɗin asusu kafin a miƙa kaya.

Fargabar rushewar banki tana da tushe, domin an soke lasisin bankin Heritage a 2024. Amma a shekarar ta 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya.